Sabuwar Libarba: Sai An Goge Ta Kafin A Harba?

Ina aikin gadi a Houston ta jihar Texas, kuma na samu lasisin gadi da makami. Na sayi sabuwar libarba ƙirar Smith & Wesson Model 10. Da na buɗe kwalinta sai na tarar da maiƙo a jikinta, ga kuma ɗan baƙi-baƙi a bakin wasu ramukan silinda. Abokin aikina ya ce kada in wahalar da kaina, abin da ya fito daga masana'anta a shirye yake, in wuce filin gwaji kawai. Wani kuma ya ce tsohuwa aka sayar mini. Wanne zan kama?

Mai karatu, Houston

Ka goge ta kafin ka sa mata harsashi ko ɗaya. Baƙin nan da ka gani, mafi yawanci shaidar gwaji ce: masu ƙera bindiga sukan harba ta kafin su saka a kwali, kuma ba lalle su share toƙar albarushin tas ba. Maiƙon kuwa an shafa shi ne don kada tsatsa ta kama ƙarfen a watannin da zai yi tsakanin sito da kanti. Man ajiya ne, aikinsa ya ƙare ranar da ka biya kuɗi. Ko sabuwar tukunyar ƙarfe sai an wanke ta ake ɗora mata girki.

Abin da abokinka bai duba ba shi ne inda man yake kwanciya. Lokacin harbi, kwanson harsashi yana kumbura ya riƙe bangon raminsa na ɗan ƙiftawar ido. In ramin da santsi, riƙon ya ragu, sai ƙarfin ya koma baya kan gangar jikin bindigar. In kuma giris ya taru a cikin bututu, ya zama cikas a gaban harsashi, matsin iska ya ƙaru. Akwai matsala ta uku, wadda ta fi shafar mai gadi da ke yawo da harsasai a ciki kwana da kwanaki: mai yana iya tsiyaya ya shiga gindin harsashi ya kashe abin da ke kunna albarushin, ranar bukata a ja kunama a ji shiru. Saboda haka ramukan nan 6 da cikin bututu a bushe ake son su.

Aikin kansa bai kai rabin awa ba. Ka fara fitar da harsasai daga ɗakin baki ɗaya, ka buɗe silinda, ka leƙa kowane rami da ido, ka taɓa da yatsa, bakin bindigar na kallon inda ba kowa. Sai ka jiƙa ɗan ƙyallen auduga da ruwan wanke bindiga, irin su Hoppe's No. 9 da ake amfani da shi tun 1903, ka zura a bututu da kowane rami, ka bi da busassun ƙyallaye har sai ya fito fari. Libarba ta baki ake goge ta, don gangar jikinta ta tare baya, kuma a nan ne mutane ke ɓarna: in sandar gogewa tana gugar leɓen bututun, saiti zai lalace a hankali. Ka tura ta a tsakiya, a natse. Daga nan ka danna sandar da ke fitar da kwanso, za ka ga wani ƙarfe mai siffar tauraro ya ɗago. Ƙarƙashinsa ya zama fes, babu mai ko kaɗan, domin ƙwayar albarushi guda da ta maƙale a wurin ta isa ta hana silinda rufuwa. Mai kuwa ɗigo ɗaya a inda silinda ke juyawa ya wadatar, sannan ka shafe waje da tsumma mai ɗan laima.

Za a iya cewa libarba ta yi suna wajen rashin gardama, kuma kakar wannan taka tun 1899 ake ƙera ta, 'yan sanda da yawa sun riƙe ta shekaru da dama. Haka ne. Amma tarihin ƙira bai tabbatar da lafiyar wannan guda da ke hannunka ba. A Ingila doka ta hana sayar da bindiga sai gidan gwaji na Landan ko na Birmingham ya buga mata hatimi. A Amurka babu wannan tilas; ƙa'idojin ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, na sa-kai ne, kamfani ke duba kansa. Kenan idon mai saye shi ne na ƙarshe, kuma a ganina wannan ne babban amfanin gogewar farko. Kana cikin yi za ka ga ko akwai ɓarɓashin ƙarfe, ko sukurori sun kwance, ko sandar fitar da kwanso tana lilo. Ka ja ƙarfen bugu baya a hankali sau 6, bindiga wayam, ka ji ko silinda na kullewa a kowane rami kafin ƙarfen ya kai ƙarshe.

Wasu kuma za su ce yawan gogewa ya fi rashinta kashe bindiga. Suna da gaskiya, shi ya sa aikin yake da iyaka. Kada ka kwance murfin gefe, kayan ciki na maƙerin bindiga ne. Kada ka wurga silinda ta rufu da ƙarfin wuyan hannu kamar yadda 'yan fim ke yi, hannun da ke riƙe da ita lanƙwashewa yake. (Masu karatu na gida Najeriya su lura, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, wannan amsa ta mai izini ce a inda doka ta yarda.)

Ranar gwaji ka karanta lambar da ke jikin bututun, ka sayi harsashin da ya dace da ita, wato .38 Special. Ka sa gilashi da abin toshe kunne, ka janye yatsunka daga gaban silinda, don tsakaninta da bututu akwai 'yar siririyar tazara da wuta ke feshowa ta ciki. In ka ji harbi ya yi sanyi fiye da na baya, ka tsaya ka sauke harsasai ka duba, ƙila harsashi ya maƙale a bututu. Duk matsalar da ka gano tun farko, ka mayar wa kamfani su gyara, kada ka kai mata zarto da kanka. Bayan ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, saboda dalma.