Darasin Kimiyya: Taurin Birki a Motar Lantarki

Kowane direba da tafin ƙafarsa ya ke gane lafiyar birki. To, masu motar lantarki da yawa su kan yi kukan birkinsu ya cika laushi, har su sayo kayan gyara su ƙara. Bari mu duba abin da ke amfani.

Birkin wannan mota iri biyu ne. In an taka kaɗan, injin lantarkin ne ke rage gudu, ya mai da ƙarfin tafiya wuta ya zuba cikin batir. Sai an danna sosai sa'an nan mai ya tura a matse faifan ƙafa.

Ruwa ba ya matsuwa, amma iska na matsuwa. Saboda haka gyara na fari shi ne fitar da iska daga bututu. Na biyu sabunta mai, domin ya kan sha danshi, in ya yi zafi ya tafasa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Na uku sa tiyo mai rigar ƙarfe, wanda ba ya kumbura kamar na roba.

Amma fa a lura. A waɗansu motoci an raba abin takawa da bututun mai, kwamfuta ce ke tsakani, taurin da ƙafa ke ji kuwa na wani sifirin ne. Nan ko an sa tiyon ƙarfe, ƙafa ba za ta ji bambanci sosai ba. Lalle mutum ya san irin motarsa kafin ya ɓad da kuɗi, kada kuma ya ba wanda bai ƙware ba, gama birki rai ne.

Tambaya: Don me iska ke sa birki laushi?