Darasin Juma'a: Wanda Ya Yi Bakancen Shiru, Mene Ne Hukuncinsa?



Makon jiya bayan sallar Isha'i wani ɗan'uwa ya kawo mana tambaya. Sun saɓa da abokin cinikinsa a kan kuɗin riɗi, cikin fushi ya ce ya yi wa Allah alkawari ba zai ƙara yi masa magana ba. Yanzu wata biyu ke nan, sahu ɗaya suke sallah, amma ko sallama babu. Yana so ya janye, yana kuma tsoron zunubi. Mun kai wa Liman tambayar, ga abin da muka karanta tare.

Na farko, azumin shiru ya taɓa kasancewa. A Suratu Maryam, aya ta 26, Nana Maryamu ta yi bakancen kame baki ranar da ta haifi Annabi Isa (AS). Annabi Zakariyya (AS) ma an ba shi alamar kwana 3 ba ya magana da mutane. Amma wannan shari'ar waɗanda suka gabace mu ce.

A tamu shari'ar, Bukhari ya ruwaito labarin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama, ba inuwa, ba magana, ga azumi. Manzon Allah (SAW) ya sa aka ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, azumin kawai zai cika. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya nuna cewa bai ji an ɗora masa kaffara ba. Haka Sayyidina Abubakar ya tarar da wata mata, Zainab, ta ƙudurta yin aikin Hajji ba magana. Ya gaya mata wannan aikin Jahiliyya ne, sai ta buɗe baki.

Na biyu, gaba ta fi wannan muni. Hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, kuma wanda ya fara sallama shi ne mafifici. Nana A'isha ta taɓa bakancen daina magana da ɗan 'yar'uwarta, Abdullahi ɗan Zubairu. Da aka tunatar da ita, ta yi masa magana, ta 'yanta bayi 40.

To, yaya za a yi? Idan da sunan Allah ka rantse, ka karya rantsuwar, ka yi kaffara kamar yadda ya zo a Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Idan bakance ne, ka je wa Liman da lafazin da ka furta, domin hukuncin yana bin lafazin.

'Yan'uwa, mu dubi halinmu. Yawancinmu nan Kwandere baƙi ne, iyaye da dangi suna can Kano, Katsina ko Sakkwato. Ran da ciwo ya kwantar da kai, ko kaya suka maƙale a hanyar Lafiya, wa za ka kira in ba wannan da ka ɗauke wa wuta ba? Matar da ka rabo da garinsu, in ka yi mata shiru mako guda, da wa kake so ta yi hira? Yara kuma suna gani, suna koyo.

Shirun da addini ya yaba shi ne kame baki daga gulma, ƙarya da rantsuwar banza wajen ciniki. Ko mai i'itikafi bakinsa na karatu da zikiri.

Aikin wannan mako: duk mai gaba da wani, ya riga shi sallama kafin Juma'a mai zuwa. Wanda yake jin nauyi ya same mu bayan Magariba, dattawa za su raka shi. Maganar kuɗin kuma a zauna a lissafa.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya tsare mana harsunanmu. Amin.

Sakataren Masallaci