Kafin magina su haƙa

A garin Villers-Cotterêts, ƙasar Faransa, akwai tsohon gidan sarki Faransuwa na ɗaya. A nan ne ya sa hannu ga dokar rubuta takardun hukuma da faransanci, a 1539.

Da aka tashi gyaran gidan, masana tarihi suka riga magina. A 2020 suka tona ƙasa sannu sannu, da ɗan cokali da buroshi. Suka tarad da harsashin wani ginin da ya girmi gidan, da daɓen filin wasan ƙwallo na sarki. Kome suka gani sai sun auna, sun zana. Katafila kuwa, in ta bi ta kai, ba ya dawowa.

Tambaya: Don mi masana suka riga magina?