Kiwon Barewa da Gada Don Sha'awa: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Tun zamanin da, sarakuna da attajirai a ƙasar Hausa sukan ajiye barewa ko gada a gida don sha'awa. Wannan ƙasida za ta bayyana inda al'adar take da amfani ga ƙasa, da kuma inda take jawo hasara.

Darasi daga Naraguta

Naraguta, da ke arewacin Jos a Jihar Filato, ta yi suna wajen aikin fata. Dukawanta suna ɗinka jakunkuna da takalma da matasai, sana'arsu kuma ta ɗore saboda akuya da tunkiya da saniya suna haihuwa a hannun mutane. Da a ce fatar namun daji suka dogara a kai, da tuni aikin ya tsaya. Akuya takan haihu bayan wata biyar, sau da yawa tagwaye. Barewa kuwa sai ta yi kamar wata shida kafin ta haifi ɗa guda. Saboda haka duk wadda aka ɗauke daga daji, an bar giɓin da zai daɗe bai cike ba.

Yadda aka yi a wata ƙasa

A Niyu Zilan akwai wata dabba mai kama da barewa, sai dai ƙahon namijinta yana da rassa, kuma yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro. Masu sha'awar farauta ne suka kai ta can daga Birtaniya a ƙarni na 19. Da ta yi yawa har tana ɓata dazuzzuka, sai gwamnati ta sa aka riƙa harbe ta tun daga shekarun 1930. Wajen 1970 aka fara ba da lasisin kiwonta a gonaki, aka riƙa kamo ta da jirgi mai saukar ungulu. Daga nan ƙasar ta shiga sayar da namanta a Turai, ƙahonta kuma a Asiya.

Amma a lura: su can yawa dabbar ta yi musu, mu nan kuwa raguwa barewa take yi saboda farauta da ƙunar daji da faɗaɗa gonaki. Kamun daji ba zai zama tushen kiwo a Nijeriya ba.

Mai kiwo da mai tsarewa

Wanda ya sayi ɗan barewa a bakin hanya, ya ɗaure shi a tsakar gida har ya mutu bai bar baya ba, tsarewa ya yi, ba kiwo ba. Sau da yawa ma sai an kashe uwar kafin a kama ɗan, kuɗin mai saye kuwa shi ke mai da maharbi daji. Mai kiwo na gaskiya shi ne wanda dabbobinsa suka hayayyafa a hannunsa, ya san abincinsu da cututtukansu, ya kuma sanar da wasu. Irin wannan ilmi shi ne babbar gudummawar masu sha'awa, domin sukan yi haƙurin da ɗan kasuwa ba zai yi ba.

Abin da doka ta ce

Dokar Namun Daji ta Arewacin Nijeriya ta 1963, da Dokar Gwamnatin Tarayya mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, sun kafa sharuɗɗa game da farauta da kamu da cinikin namun daji. Rashin sanin doka ba hujja ba ne.

Shawarwari ga mai niyya

1. Ya fara zuwa ofishin gandun daji na jiharsa, ya nemi izini a rubuce.
2. Kada ya karɓi dabba sai wadda aka haifa a hannun mai izini, ya kuma haɗa mace da namiji.
3. Ya tanadi fili mai faɗi, da shinge mai tsawo, da rumfa. Barewa dabbar busasshiyar ƙasa ce, damina da hunturun Filato sukan wahal da ita.
4. Ya ba su ɗanyen ganye da harawa da dusa da ruwa mai tsabta.
5. Ya raba su da awaki da tumaki, domin cuta takan ratsa tsakaninsu. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana kusa da Jos.
6. Ya hana yara wasa da namiji idan ya girma, domin yakan yi suka da ƙaho.
7. Ya rubuta ranar barbara da ta haihuwa da ta mutuwa.

Wanda ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, ya kai iyalinsa Gandun Namun Daji na Jos, wanda aka kafa a 1972, su more kallo. Ta haka sha'awa za ta biya, daji kuma ya tsira da abin da Allah ya ajiye a cikinsa domin 'ya'ya da jikoki.