Uwar da Ke Riƙon 'Ya'ya Ita Kaɗai

Babu garin da mutum zai shiga a ƙasar Hausa ya rasa macen da ke riƙon 'ya'yanta ita kaɗai. Wata mijinta ne ya rasu, wata aurenta ne ya mutu, wata kuwa maigidan ya tafi cin rani shekara da shekaru, ba aike, ba labari. Irin wannan mace ita ce uwa, ita ce uba. Ita za ta nemo hatsi, ta nemo itace, ta sayi magani in yaro ya kwanta. Shi ya sa akan gan ta tun asuba tana suyar ƙosai, ko tana matsar mai ta yi ƙuli-ƙuli, da yamma kuma ta zauna kitso ko ɗinkin hula.

Mutane da yawa suna zaton duk abin da aka ba ta sadaka ce. Ba haka ba ne. Yawancinsa hakkinta ne da na 'ya'yanta, kuma shari'a ta faɗi wanda zai biya.

A fara da wadda aka saka. In sakin irin wanda ake iya kome ne, cinta da wurin kwananta suna wuyan mijin har ta gama idda, watau kimanin wata 3. In tana da ciki kuwa, sai ta haihu. Bayan nan ita ta fita daga wuyansa, amma 'ya'yan ba su fita ba. Ci da sha da tufafinsu duk a kan ubansu suke, ko a ɗakin wa suke kwana. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan ke bi, uwa ce ta fi cancanta da reno: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, renon yakan koma ga kakarsu ta wajen uwa. Al'ada dai ta saba da wannan, gama sau da yawa da an yaye yaro sai uban ya aiko a ɗauke shi. Wani uban kuma yakan bar yaran wurinta, amma ko ƙwayar gero ba ya aikowa. To, mace tana da ikon kai ƙara. Alƙali zai kira uban, ya dubi ƙarfinsa, ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa kowane wata. Wadda mijinta ya ɓace ya bar ta ba ci ba sha, ita ma ƙofar alƙali a buɗe take gare ta. Abin da ke hana mata da yawa zuwa shi ne kunya, da gudun a ce sun kai uban 'ya'yansu kotu, da kuma rashin sani. Cikin ukun nan rashin sani ya fi ɓarna.

Wadda mijinta ya rasu takan yi takaba wata 4 da kwana 10, sa'an nan tana da rabo cikin gado. In mamacin ya bar 'ya'ya, rabon mata ɗaya bisa takwas ne, wanda ake kira tumunin takaba. In bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa ba, ɗaya bisa huɗu ne. Ga lissafi: a ce mutum ya bar naira 800,000 bayan an biya bashinsa, yana da mata 2 da 'ya'ya. Tumuni shi ne naira 100,000, matan su raba, kowacce ta tashi da naira 50,000. Wannan ba zai riƙe gida shekara guda ba. Rabon marayun ne ya fi yawa, daga cikinsa ake ciyar da su, kuma amana ce a hannun wanda aka danƙa wa har su yi hankali. Cin dukiyar maraya yana cikin manyan zunubai, duk da haka ana samun baffan da zai riƙe gonar 'ya'yan ɗan'uwansa ya ce ajiya yake yi, kaka ta yi bai kai musu ko dami ɗaya ba.

Idan babu uba, babu gado, sa'an nan nauyi ya hau kan jama'a. Nan ne zakka ke shigowa. Mai kuɗin da suka kai nisabi suka shekara yakan fitar da ɗaya bisa arba'in. Manomi kuwa, in amfaninsa ya kai nisabi, ɗaya bisa goma zai fitar daga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin daga abin da ya sha wahalar ban ruwa. Mutane iri 8 ake ba zakka. Ba a ambaci bazawara da sunanta a cikinsu ba, amma matalauta da miskinai su ne a gaba, in kuwa ta rasa abin da zai ishe ta, ta shiga cikinsu. Haka kuma zakkar kono da ake fitarwa a ƙarshen azumi, mudun Annabi 4 a kan kowane mutum, ita ke sa a dafa abinci ran salla a gidaje irin nata. A 2003 Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi domin ta tattara ta raba. Hubusi shi ne gida ko gona da mai shi ya tsayar saboda Allah, ba sayarwa, ba gado, amfaninsa kawai ake ci.

Gwamnati ma ta gwada nata. A 2012 Hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da zawarawa a taro, karon farko ango da amarya 100, aka biya sadaki, aka ba su kayan ɗaki da ɗan jari. A 2023 aka sake ɗaura irin wannan aure har 1,800. An ji daɗin abin ƙwarai, amma aure ba ya warware kome da kome, domin shari'a ba ta ɗora wa sabon miji ciyar da agola ba. A 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin ba gidajen matalauta naira 5,000 a wata, aka riƙa danƙa kuɗin a hannun mai kula da gida, yawanci mace. Kuɗin kaɗan ne, kuma sai wadda sunanta ya shiga rajista ta samu. Wasu dai sun zuba nasu a adashi har sun sayi akuya.

Wanda abin ya fi taɓawa shi ne yaro. Ranar da tukunya ta ƙi tafasa, 'yar fari ce ake cirewa daga aji a ɗora mata farantin talla. Tun 2004 dokar Nijeriya ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne, kuma tilas ne, amma doka ba ta ɗinka wa yaro riga, ba ta kuwa saya masa littafi. Saboda haka in ɗan ajinku ya daina zuwa bayan rasuwar ubansa, kada ku yi shiru. Ku gaya wa malaminku, shi kuwa ya san hanyar gidan mai unguwa da ta ofishin jin daɗin jama'a.

Tambayoyi

1. A kan wa ciyar da 'ya'ya yake bayan aure ya mutu?
2. Mutum ya bar naira 240,000 da mata 3 da 'ya'ya. Nawa kowace mace za ta samu?
3. Mene ne hubusi?