Yadda Ma'aikaci Ke Gano Albashin da Ya Dace da Shi

A watan Yulin 2017 BBC ta wallafa sunayen ma'aikatanta masu karɓar sama da fam 150,000 a shekara. A nan ne Carrie Gracie, editar tashar a China, ta gano cewa maza masu irin muƙaminta sun fi ta albashi nesa ba kusa ba. Ta ajiye muƙamin a Janairun 2018, a watan Yuni kuma BBC ta ba ta haƙuri, ta biya ta cikon kuɗinta. Da ba a fito da alƙaluman fili ba, da haka za ta ci gaba da aiki cikin duhu.

Wasu wurare sun mayar da bayyana albashi doka. Tun Nuwamban 2022 birnin New York na Amurka ya wajabta wa kamfanoni rubuta mafi ƙaranci da mafi yawan abin da za su biya a tallan aiki. A Najeriya kuwa galibin talla ba sa faɗin ko sisi, don haka binciken ya koma wuyan mai neman aiki.

Mai dabara yakan fara da abin da ke rubuce. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, bayan naira 30,000 na 2019. Albashin gwamnatin tarayya ma ba ɓoyayye ba ne: likitoci na kan tsarin CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya na kan CONHESS, malaman jami'a na kan CONUASS. Ma'aikaciyar jinya da asibitin kuɗi ke zawarcinta za ta fara duba nawa takwararta ke samu a asibitin koyarwa.

Daga nan sai tambayar mutane, kuma nan ne aikin yake. Wanda zai sayar da rago yakan zaga kara ya ji yadda ake tayi kafin ya sa wa nasa kuɗi. Sai dai tambayar mutum albashinsa kai tsaye akwai nauyi, kuma da wuya a samu gaskiya. Abin da ke buɗe baki shi ne a ce: "Ranka ya daɗe, mai shekara uku a wannan aiki, daga nawa zuwa nawa ake ba shi yanzu?" Ba a taɓa sirrin kowa ba, an kuma samu amsa. Idan mutum huɗu ko biyar daga ma'aikatu dabam-dabam suka faɗi kusan abu ɗaya, to farashin ya fito. Shafuka irin su Glassdoor da Jobberman na taimakawa, amma a lura, kuɗin Legas ba shi ne na Gusau ba.

Sai lissafi. Adadin da ke kan takarda ba shi ke shiga asusu ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, ga kuma haraji. Dole a tambaya ko kuɗin haya da na mota da inshorar lafiya na ciki. Tsadar rayuwa ma na da nata rabo: a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, wato mai karɓar naira 200,000 shekara guda kafin nan yana buƙatar kusan 270,000 don kawai ya tsaya inda yake. Shi ya sa kuskure ne babba mutum ya ɗora buƙatarsa kan tsohon albashinsa.

Ranar ganawa da masu ɗaukar aiki, gara mai neman aikin ya bari su fara tayawa. In sun matsa, ya faɗi adadi biyu, na ƙasa da na sama, ya kafa hujja da abin da hannunsa ya yi: yawan ɗaliban da suka ci jarrabawa a ajinsa, ko cinikin da ya kawo wa shago. Yawan iyali da bashin haya ba sa ɗaga farashi a teburin.

In an daidaita, a rubuta. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, har da albashi, kafin ya wuce wata uku da farawa.