Yadda A Ke Daidaita Giya Mai Sauya Kanta

Giya mai sauya kanta ta daɗe, domin kamfanin General Motors na Amurka ya sa irinta, watau Hydra-Matic, a motocin 1940. A tsohuwar akori-kura, ƙarfi biyu ke jayayya cikin akwatin giya: wanda gudun mota ke kawowa, da wanda totur ke kawowa ta wata waya. Rinjayen ɗayansu shi ke yanke lokacin sauyi.

To, in makaniki ya kwance akwatin ya mayar, wayar nan ta kan goce. In ta yi sako-sako, giya ta kan sauya da wuri, faifayen kuloci su dinga zamewa har su ƙone, kuɗin gyara ya tafi a banza. In ta ɗame ƙwarai, sai giya ta makara, ta shiga da fizga.

Saboda haka fara auna man giya bayan injin ya yi zafi. Sa'an nan ka riƙa jan wayar kaɗan kaɗan, kana gwada motar a titunan GRA na Katsina da sassafe. Lalle sauyi mai ɗan ƙarfi ya fi mai laushi amfani ga kuloci.